Labbo Gyartai da Mindar Wansa

Duk wanda ya san bakin ruwan Dukku a Birnin Kebbi, a shekarun da muke ƙarƙashin jihar Sakkwato, ya san Labbo gyartai, ko da bai san sunansa ba. Yawanci ma ba su sani ba. Yatsa Takwas suke ce masa, don hannunsa na dama babu ɗan yatsan ƙarshe da mai bi masa. Yana zama gindin wata tsamiya, gorunan masunta da suka tsage zube gabansa, yana huda su da basilla, yana ɗinkewa, yana liƙewa da danƙo. Masunta suna cewa kada ne ya cinye yatsun. Wasu suna cewa giwan ruwa ne ya fizge igiya da su. Shi dai bai taɓa ce wa kowa e ko a'a ba, sai ya miƙa maka gorarka ya ce ka bar ta ta kwana biyu kafin ka sa ta ruwa.

Mutum ne wanda ba ya faɗa da kowa, ba kuma ya hira da kowa. In kasuwar kifi ta watse, ya tattara kayansa a buhu, ya hau tudu zuwa ɗakinsa guda ɗaya a bayan wani masallaci, ya dafa abin da zai dafa. Ba ɗa, ba jika, ba mai cewa sannu da dawowa. Abu ɗaya ke damunsa, kuma ya daɗe yana damunsa: akwai abin da ya yi a duniya wanda yake so mutum ɗaya tak ya san shi ya yi, kafin a sa shi a rami. Ba ya neman a yi masa kiɗa. Mutum ɗaya kawai yake nema.

Asalinsa ɗan wani ƙauyen masunta ne a arewacin Argungu. Ubansa Dikko yana da 'ya'ya maza biyu, Usmanu babba, Labbo ƙarami. Lokacin yaƙin Bama, can ƙasar Asiya, shekara ta 1942, aka aiko wa maigari cewa ana son samari, maigari kuma ya bi littafin haraji ya zaɓo sunaye, sunan Usmanu ya faɗo ciki. To Usmanu bai shekara da aure ba, matarsa na da tsohon ciki, kuma shi ne ke riƙe da jirgin gidan. Labbo kuwa ɗan shekara goma sha bakwai ne, ba mata, ba komai, sai iya ruwa kamar an haife shi ciki. A wancan zamani ba gidansu kaɗai aka yi haka ba. Bature ba ya bambanta fuska, suna kawai yake kira, maigari kuma in dai adadi ya cika, ya kau da kai. Dikko ya kira ƙaramin ɗansa bayan rumbu, bai ko dube shi ba.

"Kai za ka tahi. In anka kira Usmanu, ka amsa."

Ɗa ba ya mayar wa uba magana. Labbo ya ce to. Aka tura Usmanu kamun kifi can wajen Yawuri, ya ɓace wa idon mutane, shi kuma Labbo ya bi ayarin samari a ƙasa zuwa inda mota ke jira. Aka rubuta shi Usmanu Argungu. Shekara huɗu yana amsa wannan suna, har ya kai in wani ya ce Labbo cikin wasa da wani Labbon daban, ba ya ko waiwaya.

Kada ka ɗauka bindiga aka ba shi. Ina! Cikin masu ɗaukar kaya aka sa shi, waɗanda ke tafe bayan soja da akwatin harsashi da buhun shinkafa a ka, cikin dajin da rana ba ta taɓa ƙasa. Har aka gama yaƙin bai harbi ko kaza ba. Abin da ya yi, a bakin wani kogi ya yi shi, kogin da ake kira Kaladan. Japanawa sun rutsa rundunarsu da hantsi, masu ƙafa suka samu suka ƙetare, aka bar mutum bakwai masu rauni a wancan gefe, kwance cikin ciyawa, ana jin nishinsu. Ba jirgi. Ruwa na gudu, bindiga mai jigida na yayyafa masa wuta daga kan tudu. Kyaftin ɗinsu ya tsaya yana cizon leɓe.

Mutumin Kabi ba ya iyo kamar sauran mutane. Kan gora yake kifa cikinsa, ta ɗauke shi, hannuwansa biyu su zama nasa, ya yi abin da zai yi da su. Babu gora a Bama, amma akwai garewanin man fetur da aka juye aka yar. Labbo ya ɗauki biyu, ya toshe bakinsu da tsumma da laka, ya ɗaure su da igiyar kaya, ya kifa ciki a kai ya faɗa ruwa, ba wanda ya aike shi. Sau bakwai ya je, sau bakwai ya dawo, kowane zuwa da mutum rungume a bayansa, tun hantsi har rana ta karkata. Na bakwai wani kofur ne mutumin Augie, Tamba, wanda harsashi ya karya wa cinya. Tamba ba shi da ƙarfin rungumarsa, sai ya riƙe masa wuyan hannun dama, Labbo na jansa. Suna tsakiyar ruwa harsashi ya zo ya tafi da yatsu biyu na wannan hannu, Tamba bai saki ba, shi ma bai tsaya ba. Da suka fita gaɓa, Tamban ne da kansa ya yage rigarsa ya ɗaure masa dungulmin. Washegari aka ɗauke Tamba zuwa asibiti a Indiya, ba su sake haɗuwa ba.

Labbo ya dawo gida a 1946, da akwatin ƙarfe da takardar sallama mai sunan Usmanu. Usmanu ma ya dawo daga Yawuri kamar daga yaƙi, kowa a ƙauyen ya sani, kowa ya kama bakinsa. Da abin ya tsaya nan, da ba labari. Sai bayan shekara guda dogari ya zo da saƙo: ana neman Usmanu ɗan Dikko a Argungu ranar Litinin, Joji, Baturen mulki, zai maƙala masa minda a gaban jama'a, lambar jarumta da Sarkin Ingila ya aiko saboda abin da ya yi a bakin kogi.

Hankalin Dikko ya tashi. Hakimi zai kasance a wurin, da malamin haraji, da mutanen da suka san fuskar Usmanu tun yana yaro. In aka kira Usmanu sai Labbo ya miƙe, ai asiri ya tonu a gaban Bature. Tsoho ya ga kansa a gidan yari, ya ga an tuɓe maigari saboda shi. Ko da gaske za a yi hakan, Allah masani, amma tsoro ba ya tsayawa tambaya. Ya ce Usmanu ne zai je, da kakin Labbo.

Kwana uku Labbo yana koya wa wansa yadda ake ƙamewa, da yadda ake buga ƙafa, da yadda ake sara wa Bature, a bayan rumbun nan dai da aka sallame shi. Usmanu hannunsa ya ƙi miƙewa, Labbo na kama gwiwar hannun yana ɗaga masa. Ran Litinin shi ya naɗa masa naɗin ƙafa da yatsunsa takwas, shi ya gyara masa hula. Ya tsaya can baya cikin 'yan kallo, hannunsa cikin aljihun riga, yana ji tafinta na faɗa wa jama'a da Hausa yadda Usmanu Argungu ya ƙetare kogi sau bakwai. Mata suka yi guɗa. Wallahi har shi ma ya ji tsikar jikinsa ta tashi, kamar labarin wani ne.

Minda ta jawo wa Usmanu aikin masinja a En'e, ya koma cikin garin Argungu, ya gina gida. Labbo bai yi hassadar aikin ba, don shi zaman ofis ba zai iya ba. Ya yi haƙuri har ubansu ya rasu. Bayan addu'ar arba'in ya sami wansa su biyu, ya ce yanzu da tsoho ba ya nan, ba ya son a faɗa wa kowa komai, yana so dai a ba shi mindar ya ajiye a ɗakinsa, ko ba haka ba ya riƙe ta a hannu sau ɗaya. Usmanu ya ciro ta daga aljihun gaba, ya ɗaga ta nesa da shi, ya nuna masa rubutun da ke zagaye da gefenta, alhali ya san Labbo ba ya karatun boko.

"Duba da kyau, Labbo. Sunan wa anka rubuta?"

Da gari ya waye Labbo ya ɗauki akwatin ƙarfensa ya kama hanyar Birnin Kebbi, kuma shekara talatin da takwas bai sake taka Argungu ba, ko ranar bikin kamun kifi, da duk masuncin ƙasar nan ke tafiya can da gorarsa da homarsa. Shi ke gyara musu gorunan, su tafi su bar shi gindin tsamiya.

Allah bai bar shi haka nan ba, ya ba shi Riskuwa. Bazawara ce 'yar Zauro mai suyar kifi, baƙa, gajera, mai bakin tsiya. Ita kaɗai ya taɓa faɗa wa, ita ma sai da suka shekara biyar, ranar da ta tsare shi ta ce kadan da zai ci yatsa biyu ya bar sauran hannun, ba a haife shi a Gulbin Kabi ba. Da ta ji labarin ta yi kuka, ta zagi Usmanu har ta gaji, sannan ta mai da abin wasa. In ta kawo masa tuwo sai ta buga dunduniya a ƙasa, ta sara masa da ludayi a goshi, ta ce abincin Saje ya iso. Shi kuwa ya ce bai taɓa zama ko kofur ba, ta ce a gidan nan dai Saje ne. Sun haifi biyu, ƙyanda ta kwashe su cikin mako guda. Ita ma ta bi su a 1980, bayan 'yar gajeriyar jinya. Tun ranar da aka rufe ta, Labbo ya san an rufe har da abin da ya yi a Bama, don tsofaffin ƙauyensu da suka sani sun ƙare ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci yana cikin ɗinkin gora sai ya tsaya ya dubi hannun, ya tambayi kansa ko dai kadan ne da gaske.

Ana nan, cikin kakar 1987, wata safiya yana zaune a teburin mai shayi, rediyo na karanta sanarwar rasuwa. Sai ya ji an ce Allah ya yi wa Malam Usmanu Argungu rasuwa, tsohon soja, wanda ya sami lambar jarumta a yaƙin Bama, an yi jana'izarsa jiya, za a yi addu'ar uku gobe a ƙofar gidansa. Labbo ya ajiye kofi. Sunan da ya amsa shekara huɗu ne ake cewa ya mutu. Mai shayi ya tambaye shi ko shayin ya yi zafi ne, ya ce a'a.

Ya yi baƙin ciki, kada a ce bai yi ba. Ciki ɗaya suka fito, kuma Usmanu ne ya fara ɗora shi kan gora yana ɗan shekara biyar. Amma a ƙarƙashin baƙin cikin akwai wani abu da ya motsa. Washegari ya sa farar rigarsa ta Juma'a ya shiga motar Argungu. Suna wuce fadamar Zauro, mutane sun duƙa suna yankan shinkafa har iya ganin ido, shi kuwa yana shirya magana a zuci. Zai jira a shafa fatiha, jama'a su ragu, ya ja babban ɗan Usmanu gefe ya faɗa masa. Ba zai karɓi minda ba, me zai yi da ita yanzu? Ya dai faɗa, wani ya ji.

Babban ɗan shi ne Kalilu, wanda ke ciki lokacin da aka yi musanyar. Yanzu magidanci ne mai furfura a gemu, hedimasta a wata firamare. Da Labbo ya faɗi ko shi wane ne, Kalilu ya durƙusa har ƙasa, ya ce Baba ashe kana raye, ya kama shi ya kai shi tabarmar manya a cikin rumfa. Ya ce mahaifinsu ba ya yawan zancensa, sai dai in an ambace shi ya tashi ya shiga ɗaki. Labbo ya zauna cikin mutanen da bai san ko ɗaya ba, a garin da ya taso yana kawo kifi kasuwarsa.

Sai ga Kalilu ya fito da mindar a kan ɗan farin ƙyalle, ana miƙa ta hannu zuwa hannu, kowa ya duba ya ce Allah ya jiƙan maza. Haka ta zagayo har ta iso wurin Labbo. Shekara arba'in yana tunanin nauyinta. Ashe ba ta fi dalmar da masunta ke ɗaura wa bakin taru nauyi ba. Azurfar ta dushe, ƙyallen da ke riƙe da ita ya koɗe. Ya shafa rubutun gefen da babban yatsa, ya ji shi kamar ƙaiƙayi, na kusa da shi ya riga ya miƙo hannu, ya ba shi.

Ana cikin haka wata motar albasa ta tsaya a bakin titi. Direban, wani ƙaton magidanci, ya zagayo ya sauko da wani tsoho makaho mai ɗingishi, ya riƙo shi har cikin rumfa. Ya ce shi Sama'ila ne daga Augie, wannan mahaifinsa ne, tun da ya ji sanarwa a rediyo ya hana kowa sakat sai an kawo shi. Tun kafin a faɗi sunan tsohon Labbo ya gane shi. Ya tsufa, ya shanye, ido ya tafi, amma goshin nan da faɗin kafaɗar nan na Tamba ne.

Bayan an yi addu'a Tamba ya nemi a ba shi dama ya yi magana. Ya ce shi ne mutum na bakwai. Ya ce sau uku yana zuwa ƙofar gidan nan a shekarun baya, tun yana da ido, don ya yi godiya, kowane zuwa a ce masa maigidan ba ya nan; har ya gane cewa bawan Allah ne da ba ya son a gode masa, ya haƙura ya koma yi masa addu'a. Kalilu ya matso ya zauna a gabansa, ya ce don Allah ya ba su labarin, domin mahaifinsu bai taɓa ba su ba, in sun tambaya sai ya ɓata rai.

Tamba ya fara. Ya kawo dajin, ya kawo ƙarar bindiga, ya kawo yadda suka kwanta cikin ciyawa suna kalmar shahada. Ya faɗi garewani biyu, masunta da ke rumfar suka yi murmushi suna gyaɗa kai, don sun gane ɗan gida ne ya yi wannan dabara. Ya lissafa mutanen da aka ƙetarar da sunayensu, na ɗaya, na biyu, har na shida. Hawaye na bin gemun Kalilu, bai ko share ba, fuskarsa kamar ta yaron da aka ce ga ubanka ya dawo.

Labbo ya san abin da ke tafe. Saura kaɗan Tamba ya ce ya riƙe hannun dama, harsashi ya cire yatsu biyu, shi ya ɗaure. Duk wanda ke rumfar nan ya san Usmanu da yatsu goma aka binne shi. Kuma duk sun ga hannun da baƙon tsohon nan ya karɓi minda da shi ɗazu. Ba sai ya ja kowa gefe ba, ba sai ya buɗe baki ba. Abin da ya jira shekara arba'in zai fito da kansa, daga bakin wanda ba a iya ƙaryatawa, a gaban mutum ɗari. Ya ji daɗi, daɗi mai tsanani.

Sai ya sake duban Kalilu. Saboda wannan magidancin aka tura Labbo Bama, tun yana cikin uwarsa. Ya dubi ƙannen Kalilu da jikoki da suka cika bakin rumfa, ya tuna wansa kwana uku a ƙasa, ba bakin da zai kāre kansa. Daga yau, in maganar ta fito, ba mai sake kiran gidan nan sai da dariya.

"Na kama hannunai na dama," in ji Tamba, "muna tsakiyar ruwa, sai harsashe..."

Labbo ya miƙe. Ya taka tabarmi uku, ya durƙusa gaban makahon, ya kamo hannunsa ya sa nasa a ciki, kamar mai gaisuwa.

"Sannu da hanya, Kofur. Ka huta, ka sha ruwa."

Mutane suka ɗan yi gunaguni, wane irin tsoho ne wannan mai katse magana a daidai wurin daɗinta. Tamba kuwa ya sandare. Yatsunsa suka bi tafin hannun, suka hau babban yatsa, manuni, na tsakiya, suka iso inda babu komai sai tsohon tabo, suka tsaya nan. Ya shafa wurin, ya sake shafawa. Ya gangara ya kama wuyan hannun, daidai inda ya taɓa kamawa. Kalilu ya ce masa wannan ƙanen marigayi ne, daga Birnin Kebbi ya zo. Labbo ya matse hannun makahon sau ɗaya, da ƙarfi.

Aka kawo wa Tamba ruwa ya sha. Kalilu ya ce Baba, sai harsashi ya yi yaya?

"Sai ya wuce," in ji Tamba. "Allah ya tsare. Munka hita."

Ya ce ya gaji, nan labarin ya ƙare. Aka shafa fatiha, aka fito da shinkafa da waina, Kalilu ya naɗe minda cikin ƙyallenta ya mayar cikin gida.

Bayan azahar Sama'ila ya ɗora uban a gaban mota, ya koma yin sallama da masu gida. Tamba ya ce a kira masa ƙanen marigayi. Labbo ya zo ya tsaya jikin ƙofar motar, warin albasa ya cika wurin, ba kowa kusa sai awaki. Makahon ya laluba ta taga har ya sami hannun, ya riƙe da nasa biyu. Bai tambayi yadda aka yi ba. Shi ma ɗan ƙauye ne, ya san yadda ake cika adadin maigari.

"Mi as sunanka?"

"Labbo."

"Labbo ɗan wa?"

"Ɗan Dikko."

Tamba ya maimaita a hankali, sau biyu, kamar mai hardar karatu. Ya ce shekara arba'in da uku bai taɓa sallame salla bai roƙa wa Usmanu Argungu gafara ba, ko yana kan gadon asibiti. Labbo ya ce ya bar wa marigayin waɗannan addu'o'in, yanzu ne yake buƙatarsu. Tamba ya ce ya bar masa, amma daga la'asar ɗin yau an canza suna, sai dai bai san kwana nawa suka rage masa ba da zai biya abin da ya wuce.

Sama'ila ya dawo ya tada mota. Labbo ya zare hannunsa ya ja da baya. Motar ta ɗan juya don ta hau titi, sai Tamba ya ce wa ɗansa ya tsaya. Ya gyara zama, ya miƙe ƙirji iya yadda tsufa ya bari, ya ɗaga hannun dama zuwa goshi, ya sara, irin sarawar da kofur ke yi wa na gaba da shi. Amma da yake motar ta juya, ba Labbo yake fuskanta ba. Wani dogon yaro yake sara wa, bishiyar da ke bakin kwata, da akuya ɗaure a gindinta.

Labbo ya duba hagu, ya duba dama, ba mai kallo. Ya tattara rigarsa, ya taka da sauri-sauri irin na tsofaffi, ya je ya tsaya a gindin bishiyar, daidai inda hannun ya nufa. Ya haɗa dugadugansa, ya saki hannuwa a gefe, ya ɗaga kai. Yana nan tsaye har Tamba ya sauke hannu, motar ta hau titin Augie ta ɓace.

Daga nan ya nufi tasha, don akwai gora biyu da ya yi wa mai su alkawarin gobe.